Iyakar Gonarka da Yaren Fanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Tanko.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, can tsibirin Fanya, inda aka sa ka a ƙasa babu ɗayanmu a wurin. Ni ne Ɗanladi. Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ce in bi shanu. Don haka 'yata Hajara, malamar firamare a Kabo, ita ke rubutawa ni ina faɗa. Ta ce za ta sa a waya jama'a su karanta. Na ce ta sa. Abin da zan gaya maka a gaban mutane aka yi shi.

Shekara sittin da 'yan kai ke nan da ka bar Durun. Baba bai daɗe da rasuwa ba, an raba mana gonar tsamiya, gabas taka, yamma tawa. Ka ce za ka je aikin gonar koko a tsakiyar teku ka samo abin aure. A bakin burtali ka tsaya da ƙullin kayanka, ka ce, "Ɗanladi, ka noma min. Abin da ta bayar Inna ta ci. In babu Inna, ka ba wanda ba shi da shi. Kada ka sayar, kada ka haɗe." Ba ka ƙara komai ba, dama kai ba mai doguwar magana ba ne.

Na riƙe, Yaya. Inna ta ci dawarka har ranar da Allah Ya karɓe ta. Bayanta, duk kaka daban nake ɗaure dammanka, daban nake sussuka su, in raba wa zawarawa da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Jerin gamba ne tsakanina da kai, daga burtali a arewa har kwari a kudu, ban taɓa yarda garma ta haura shi ba. Ina tinƙaho da wannan, ba zan ɓoye maka ba. Har ta kai duk rigimar iyaka daga nan zuwa Gude ni ake ɗaukowa a babur, a ce a tambayi Malam Ɗanladi, shi ya san inda kowace kuka ta taɓa tsayawa. Ni kuwa ba na cewa wataƙila. In na nuna da sandata, magana ta ƙare.

Labarin rasuwarka wani mutumin Gwarzo ya kawo mana tun da daɗewa. Bai san ko ka bar baya ba. Ɗana Sani, wanda ke noman yanzu tunda gwiwoyina sun gaji, ya sha ce min, "Baba, mutumin nan fa ba mai zuwa. A cire gamban nan tarakta ta riƙa wucewa kai tsaye." Ni kuwa ban taɓa yarda ba.

Sai bara wani ɗan kasuwa daga Unguwar Tudu, mai kai fata can Fanya, ya dawo da lambar waya. Ya ce a ƙofar masallacin Hausawa wata mata take tsare duk baƙon da ta ji yana Hausa, tana tambaya ko ya san wani gari Durun. Shekara da shekaru tana yin haka. 'Yarka ce, Yaya. Ita da ƙanenta Isa ka bari. Ka sa mata sunan Inna, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Uwani nake ce mata.

Ranar da Hajara ta fara kiranta na ga fuskarta a waya, sai da na juya baya na ɗan lokaci. Goshinka ne, har da yadda kake karkata kai in kana saurare. Ta ce, "Baffa, ina kwana," ta ce, "Lafiya lau," shi ke nan Hausar ta ƙare. Tana da shekara goma sha biyu ka rasu, uwarsu kuma 'yar can ce, ta raine su da salla da azumi amma da yaren ƙasar, wanda Hajara ke kira Sifaniyanci, ni kuwa yaren Fanya na sani. Tana da wani guntun Turanci da Hajara ke tsintar rabi. Da shi ta ce za ta zo da bazara ta ga gidan ubanta.

Na ce to, za ta ga gonarsa ma, zan damƙa mata a gaban mai unguwa. Hajara ta ce babu damuwa, ita za ta yi tafinta, abin da ya gagara kuma waya tana fassarawa. Nan muka saɓa. Na ce iyaka ba a nuna ta da bakin aro. Na sha ganin yadda ake yi: tsoho ya ce bayan suri, mai isarwa ya ce wajen suri, bayan shekara ashirin jikoki na sare-sare. Daga bakina zuwa kunnenta nake so, yadda ka faɗa min daga bakinka. Hajara ta ce, "To Baba, sai dai ka koyi yarensu." Da dariya ta faɗa. Na ce gobe da la'asar ta zo da wayar.

Ka tuna Ɗanjuma wanzami, sa'anka? Yana nan, haƙori biyu ya rage masa. Da ya ji labari a majalisa ya ce, "Ɗanladi, kai da ko takardar asibiti a kife kake riƙewa, yanzu yaren masu ƙwallo za ka yi? A saya maka gajeren wando mana." Na ce masa ya bari in na iya zan zage shi da shi, ba zai san ya rama ba.

Wallahi Yaya, in ka ga yarinyar nan Hajara sai ka sa mata albarka. Ita ma ba ta iya ba. Sai ta koya da daddare a gidanta, ta tashi daga makaranta, ta hau mota daga Kabo, ta zo ta juye min. Na ce mata ba na son gaisuwa, ba na son ƙirga, ba na son sunan abinci. Abu ɗaya nake so: yadda ake cewa abu kaza yana wuri kaza. Ta ce darasi ne guda a cikin wayar. Na ce shi za mu yi ta yi har bazara.

Da farko hotuna take nuna min, kyanwa a kan tebur, kyanwa a ƙarƙashin kujera. Na ce wace gona ce ke da tebur? Sai ta ajiye wayar ta ɗauko buta da turmi. Ta ɗora butar a kan turmi ta ce ensima. Ta sa ta a ƙarƙashin gadon kara ta ce debaho. Ta kai ta bayan rumbu, detras. Gaban rumbu, delante. Tsakanin turmi da rumbu, entire. Ta ce in abu ɗaya ne in ce esta, in suna da yawa in ce estan, in ina tambaya in ce donde esta. Na ce ta rubuta maka su yadda nake furtawa, in akwai karkata tawa ce.

Kaina kamar ƙasar fako, ruwa na zuba yana gangarewa. Abin da na riƙe da la'asar, kafin magariba ya gudu. Sai na koma yi da awaki. Duk akuyar da ta gifta sai na faɗi inda take, matan gida suna leƙe suna ƙyalƙyatawa. Hajara ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ni ne ma nake yi mata faɗa in na manta, kamar ita ta ɓoye kalmar. Sai ta ce, "Baba, ɗalibaina 'yan aji ɗaya sun fi ka ladabi, amma ka fi su naci."

Uwani kuma, duk abin da na faɗa Hajara ta tura mata, sai ta maido da murya. Ungozoma ce a asibiti, wani lokaci har kukan jarirai nake ji a bayanta, amma ba ta taɓa barin saƙona ya kwana biyu ba. Ta yi dariya tukuna, sannan ta maimaita a hankali, sau uku, kamar mai ba yaro fura da ludayi. Daga gare ta na samu sunan bishiya, arbol, da hanya, kamino, da dutse, piyedra, da ƙasa, tiyera. Ka haifi mai haƙuri, Yaya. Ban san inda ta samo shi ba, don kai dai ba ka da shi.

Wuri ɗaya na ƙi. Wayar ta dage sai an ce hagu da dama. Na ce wa Hajara wannan shirme ne. Hagun wa? In na juya, haguna ya koma dama, gona kuwa ba ta juyawa. Mu nan ko cokali ne ya faɗi cewa muke yana gabas da kai. Ta ce a darasin babu. Na ce a nemo, mutanen da ke tuƙa jirgin ruwa ba za su rasa gabas ba. Ta nemo min su huɗu, na sha wuya a kansu fiye da komai, don na gabas da na yamma kusan ƙararsu ɗaya.

Ta zo ana sharar gona. Sani ya ɗauko ta daga Kano. Da ta sauko daga mota ta durƙusa har ƙasa, ban san wa ya koya mata ba. Mata suka yi ta guɗa, Ɗanjuma ya dube ta ya ce, "La ilaha illallahu, Tanko ne ya ɗaura zane." Ya share ido da hularsa yana cewa hayaƙi ne.

Kwana uku na bar ta ta huta, ta ga ɗakin da aka haife ka, ta ziyarci kabarin Inna. A na huɗu da sassafe muka fita, ni da ita da mai unguwa da Sani da dattawa biyu. Na ce wa Hajara ta tsaya a bakin burtali tare da su, kada wanda ya biyo mu sai na kira. Ta buɗe baki, na ɗaga sanda, ta tsaya.

Muka shiga mu biyu. Na nuna mata burtali na ce kamino esta detras. Ta gyaɗa kai. Na nuna tsamiya na ce arbol esta delante. Ta ce, "Si, Baffa." Zuciyata ta yi fari, na ce ashe wahalar ba ta tafi a banza ba. Na ɗaga hannu wajen fitowar rana ina lalubar kalmar da na sha wuya a kanta, ta maƙale. Sai na ji ta ce, "Gabas." Da Hausa, Yaya, tsaf, irin ta Durun. Ta juya ta ce yamma, ta ce kudu, ta ce arewa. Daga baya ta gaya wa Hajara cewa haka kake aikenta tana ƙarama, ɗauko min buta tana kudu da ƙofa. Kusan duk Hausar ta zube, amma waɗannan huɗun suka zauna. Na tsaya ina kallonta, na ce a raina ka ga mutum, yana tsakiyar teku bai yarda 'yarsa ta san duniya da hagu da dama ba.

Muka isa jerin gamba. Na buga sandata na ce aki, wato nan. Na nuna gabas na nuna ta, na nuna yamma na dafa ƙirjina.

Ba ta gyaɗa kai ba. Ta waiwaya ta dubi tsamiya, ta dubi gamban, leɓɓanta na motsi. Sai ta faɗi wasu kalmomin Hausa a jere kamar mai tilawa, da ganin yadda take faɗarsu haddacewa ta yi ba tare da ta san duk ma'anarsu ba: "Gindin tsamiya. Yamma. Taku arba'in. Dutsen Inna." Ta ga na yi tsuru. Sai ta matso, ta rage murya, ta faɗa min da yarenta a hankali, yadda take yi a waya: "La piyedra esta debaho de la tiyera."

Dutse yana ƙarƙashin ƙasa. Tun da ta zo garin nan, wannan ce magana ɗaya da na gane daga farkonta har ƙarshenta, ba wanda ya fassara min.

Sai abin ya dawo min gaba ɗaya. Ɓarin dutsen niƙan Inna, wanda ya tsage biyu shekarar da Baba ya kwanta ciwo. Ana gobe za ka tafi ka ce gamba ciyawa ce, wuta na cinta, saniya na cinta, mu binne abin da ba ya tafiya. Ni na ɗauko shi a ka, Yaya. Ni na riƙe maka fartanya. Ka taka daga gindin tsamiya kana ƙirgawa da ƙarfi. Kuma na tuna shekarar da ruwa ya yi gyara, kwari ya cika ya share gamban kaf, na sake dasa shi da idona da ƙwaƙwalwata, ban ko tuna da wani dutse ba, don na tabbata na sani.

Zan faɗa maka gaskiya tunda Hajara ta riga ta ɗaga kai tana kallona. Babu wanda ya ji maganar sai ni. Mai unguwa na can nesa. Da na yi murmushi na ce ban gane ba, tsoho ne, yaren ba nasa ba, wa zai zarge ni? Uwani baƙuwa ce, mai kunya, ba za ta ja da Baffanta a gaban maza ba. Shaiɗan ya kawo min wannan, ya kawo min majalisa, ya kawo min duk iyakokin da na yanke wa mutane ban ce wataƙila ba. Sannan na tuna abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani, da abin da za a rataya masa ranar tsayuwa.

Na ɗaga murya na ce Sani ya zo da fartanya, kowa ma ya zo.

Na sa Sani ya jingina bayansa da tsamiya ya fuskanci yamma, tsawonku kusan ɗaya. Mai unguwa na ƙirgawa. A talatin da uku ya kai gamban. Ya tsaya ya dube ni. Na ce wuce. Ya haura, ya taka kunyoyin gona bakwai a cikin abin da nake kira nawa. Ya fara tono, bai samu ba. Ya matsa arewa kaɗan, bai samu ba. Ya ce, "Baba, rana na yi." Na ce ko za ta faɗi a kanmu sai an tona. A rami na uku fartanya ta yi ƙara.

Yana nan yadda muka sa shi, kwarminsa na kallon ƙasa. Uwani ta durƙusa ta share shi da gefen mayafinta, ta sa tafin hannunta a inda hannun Inna ya sha gogawa. Ba ta dube ni da ido na nasara ba, ko kaɗan. Da ta ɗago ma cewa ta yi wa Hajara a gaya min kada in damu, ba ƙasa ta zo nema ba, so take kawai ta san ko abin da ubanta ya sa ta haddace gaskiya ne ko mafarkin mai kewar gida.

Gaskiya ne. Kai da ka yi shekaru ba ka ga gonar ba ka riƙe ta daidai, har ka zuba ta a kan yarinya 'yar shekara goma, ita kuma ta ɗauke ta shekara arba'in ba ta zubar da ko taku ɗaya ba. Ni da nake kwana ina tashi a kanta na ɓata.

Na nemi yadda zan roƙe ta gafara da yarenta, na ga ban koya ba. Inda abu yake kawai na koya. Dole na juya na ce, "Hajara, zo ki ara min bakin." Na ce ta gaya mata tun shekarar ruwan nan dawar kunyoyi bakwai take shiga rumbuna, alhali ta marasa shi ce lokacin da kake raye, ta marayunka ce bayan ka rasu. Na ci, 'ya'yana sun ci, ban san adadinta ba. Uwani ta kama hannuna biyu ta ce ta yafe. Ta kira Isa a nan tsakiyar gona, na ji muryarsa, shi ma ya yafe, har yana tsokanata wai a aika masa da tuwon ya ɗanɗana abin da aka ci masa.

A ranar muka tumɓuke gamban muka maido shi kan dutsen. Mai unguwa ya shaida, dattawa suka shaida. Sani da kansa ya yi dashen, da ya gama ya ce min, "Gara da ba ka bar ni na cire shi ba." Uwani ta bar gonar a hannunsa aro, a kan sharaɗinka na farko, ba ta canja ko kalma ba. Ni kuma na aika Gude da sauran wuraren da na taɓa yanke iyaka, na ce duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hukuncina ba ya zo a sake dubawa, a tambayi wasu tsofaffin ban da ni. Mutum biyu sun zo. Ɗanjuma ya ce bai taɓa zaton zai rayu ya ji na ce wataƙila ba.

Ta koma wajen aikinta bayan sati uku. Har yanzu muna musayar murya, ita tana ƙara Hausa, ni ina nan a darasina ɗaya.

Liman ya ce min tunda magada sun yafe, magana ta ƙare. Na ji, ban musa masa ba. Amma akwai shekarun da kana raye, kana can kana saran koko kana cewa Ɗanladi na riƙe da amana. Waɗannan ba Uwani na yi wa ba, ba Isa ba, kai na yi wa. Bana duk abin da ɓangarena ya bayar, ba na kunyoyi bakwai kaɗai ba, na ce a fitar da sunanka. Ban san ko ya isa ba. Shi ya sa na zaunar da yarinyar nan tun hantsi tana rubutu.

Ka yafe min, Yaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna da Baba a gidan da ba a rabuwa. Allah Ya yi wa Uwani da Isa albarka, Ya ba su masu riƙe maganarsu kamar yadda suka riƙe taka. Allah Ya saka wa Hajara. Ni kuma in tawa ta zo, Allah Ya sa in iso wurinka wuyana babu ƙasar kowa. Amin.

Ƙanenka da ya riƙe maka fartanya,
Ɗanladi, daga Durun.